Kwamfuta Ta Zo, Kwamfuta Ta Koma: Sharhi a Kan Horon Ƴan Matan Ƙauye

Na san an fi sabawa da waƙa da gajeren labari a nan, to amma ni yau ƙorafi na kawo, kuma tun da wuri in gaya muku har da ni cikin waɗanda nake ƙorafi a kansu. Maganar ita ce ta horon kwamfuta da ake kai wa ƴan matan ƙauye, wanda yanzu ya zama yayi. Kowace shekara sai mun ga hotunansa, musamman ranar Alhamis ta huɗu a watan Afrilu, ranar ƴan mata da fasahar sadarwa ta duniya, da kuma 13 ga Mayu, ranar matan Nijar. Na yarda a koya wa ƙannenmu fasahar zamani, ɗari bisa ɗari. Yadda ake koyarwar ne ya tsaya mini a rai, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ni ƴar wani ƙauye ce a ƙasar Gazawa, ina karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi. A babban hutun da ya wuce wata ƙungiya ta nemi ɗalibai mata masu jin Faransanci da Hausa, su yi tafinta a wani horo na kwana biyar. Sunan ƙungiyar bai da amfani a nan, don abin da na gani wurinta na ji irinsa daga bakin ƙawayena na Agye da na Gidan Rumji. Na karɓi aikin da murna. Ga kuɗin da za su rage mini wahalar komawa makaranta, ga shi kuma ɗiyar gwaggona, wadda ta bar lakwal a aji biyar, tana cikin ƴan mata 20 da aka zaɓa.

Ranar farko ta tafi a jiran manyan baƙi. An jera kujeru, an ɗaura ƙyalle mai tambari, yara suna zaune tun hantsi har azahar. Da baƙi suka iso aka yi jawabai da Faransanci, ni kuma ina fassara a guje. Rana ta biyu aka tada injin wuta, aka buɗe kwamfutoci 10 da aka zo da su daga Yamai, kowace kwamfuta yarinya biyu. Mai koyarwa, wani saurayi mai kirki da haƙuri, ya fara da sunayen sassa: écran, clavier, souris. Da na ce musu souris ɓera ke nan, sai ɗaki ya kece da dariya. Wata ta ce, "Yaya, ɓera kuma? To mi shika ci?" Dariyar nan ita ce kaɗai lokacin da na ga sun saki jiki a duk kwana biyar ɗin.

Rana ta uku aka ce kowa ta rubuta sunanta da jimla guda. A nan asiri ya fara tonuwa. Kusan rabinsu da ƙyar suke haɗa baƙi, don wasu sun bar lakwal shekara uku ko huɗu da suka wuce, wasu makarantar allo kaɗai suka yi. Waɗanda suka iya kuwa, da suka ce da Hausa za su rubuta, sai aka tarar madannan babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Ɗiyar gwaggona ta so ta rubuta "ƙasa", sai ga "kasa" a allo. Ta dube ni ta ce, "Yaya, ni ƙasa nika nuhi, ba macijiya ba." Mai koyarwa ya ce ba komi, ta rubuta da Faransanci. Ta yi shiru ta janye hannunta, abokiyar zamanta ta ci gaba. Rana ta huɗu ita ce ta intanet, amma rezo ya yi ta ɗaukewa, man inji kuma ya ƙare kafin la'asar. Rana ta biyar aka raba riguna masu tambari aka ce a ɗora a kan hijabi, aka ba kowa takardar shaida da kuɗin zama, aka ɗauki hoto kowace yarinya da hannu a kan madannai. Kafin magariba an mayar da kwamfutocin cikin kwali, mota ta kama hanyar Maraɗi.

Ni ma na karɓi ambulan ɗina na sa hannu. A takardar rahoto, inda aka tambayi ra'ayin masu tafinta, na rubuta cewa horo ya yi armashi. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Da hutun Disamba na koma gida. Takardar shaidar na nan cikin leda, gwaggo ta adana ta a cikin langa tare da katin rigakafi. Na tambayi yarinyar me ta riƙe, ta ce ta riƙe ɓera. Tun ranar da mota ta tafi ba ta sake ganin kwamfuta ba, kuma babu dalilin da zai sa ta gani. Sai dai a daren nan ta kawo mini ƙaramar wayar gwaggo mai maɓalli, ta ce in duba mata wani saƙo. Wanta da ke ci-rani a Agadas ne ya aiko da kuɗi kwana uku da suka wuce, saƙon da Faransanci yake, babu mai karanta shi a gidan. Da na bincika sai na gane yadda suka saba yi: a kai wa yaron shago wayar, shi zai karanta, shi zai ce ga adadin da aka aiko, shi zai cire ladansa. Ban ce yaron ɓarawo ne ba. Abin da na ce shi ne, yarinyar da ke da takardar shaidar ilimin kwamfuta ba ta iya tabbatar da kuɗin da ɗan uwanta ya aiko wa uwarta ba, alhali darasin da zai koya mata haka bai wuce na yini biyu ba. Daga wannan daren na fara tunanin abin da nake rubutawa yanzu.

Kuskure na farko, a ganina, daga na'ura ake farawa. An sayi kwamfuta, saboda haka dole a koyar da kwamfuta. Babu wanda ya zauna da yaran nan ko iyayensu mata kafin a tsara darasi, ya tambaye su me suke yi da yininsu, ina kuɗi ke shigo musu, ina yake zurarewa. Da an tambaya da an ji cewa yarinyar ƙasar Gazawa tana tallar ƙuli-ƙuli da man gyaɗar uwarta, tana kiwon akuya ɗaya ko biyu, tana taya gyaran aya da riɗi kafin a kai kasuwa. Abin da zai yi mata amfani gobe da safe shi ne ta san farashin tiyar aya a Caduwa kafin ɗan kasuwa ya zo ƙofar gida ya yanka mata nasa, ta iya ajiye lambar mai saye, ta karanta saƙon kuɗi, ta gane muryar ɗan damfara mai cewa an ci kyauta a aiko da lambar sirri. Duk wannan fasahar zamani ce, kuma na'urar yin ta tana cikin gidan tun tuni. Wata mai bincike ta Jami'ar Tufts a Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shiga garuruwa, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ƙaramar waya ce ta yi wannan aiki, a hannun ƴan kasuwa maza. Shekara 20 ke nan, har yanzu ba mu zaunar da ƴan mata mun koya musu abin da dillalin hatsi ya koya wa kansa ba.

Na biyu, harshe. Littafin horon da aka raba shafi 30 ne, Faransanci tsantsa, kuma daga ganinsa an rubuta shi ne don ma'aikatan ofis. Misalin da ke ciki na yadda ake rubuta wasiƙar neman aiki ne zuwa ga darakta. Yarinyar da aka ba shi tana fama da abu biyu a lokaci guda, ga na'urar da ba ta taɓa gani ba, ga harshen da ta baro a aji. In ta kasa sai ta ɗauka kanta ne ba ya ja, ta koma gida da wannan tabon. Abin takaici, ba yau aka san maganin wannan ba a ƙasar nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. To ina amfanin wannan matsayi in har a Gazawa, inda kowa da Hausa ya buɗe baki, za a ce wa yarinya ta bar ƙ ɗinta ta rubuta da harshen wasu? A babbar waya madannan Hausa kyauta ake sauke su, a kwamfuta ma ana iya sa su. Aikin minti goma ne da babu wanda ya yi, har da ni da nake tsaye a wurin.

Na uku, me ake bari a baya? A duk Nijar wajen mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki, mafi yawansu kuma a birni suke. Mu mutanen Gazawa mun fi kowa sanin wannan abin dariya mai ciwo: babban layin wutar da ke zuwa daga Katsina a garinmu yake sauka kafin a raba shi zuwa Maraɗi da Damagaram, amma ƙauyuka da yawa da ke ganin turakunsa da fitila mai batir suke kwana. A watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar, har birnin ma ya ɗanɗana. A ƙauyenmu cajin waya kuɗi ake biya wurin mai farantin sola. Wanda ya san haka ya kawo kwamfuta da injin wuta na kwana biyar, ya kwashe ya tafi da su, ya koya wa yaro ninƙaya ne a cikin tulu. Ko an bar kwamfutocin ma ba a tsira ba. Na san makarantar da aka ba kyautar kwamfutoci, suna kulle cikin kabad ɗin darakta don tsoron ɓarayi da ƙura, batir ɗinsu ya mutu ba a taɓa kunna su ba. Kuma kada mu manta irin azuzuwan da muke magana a kansu. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ƙasar da har yanzu ɗiyanta ke karatu cikin kara, dole mai kawo mata na'ura ya fara tambayar inda za a ajiye ta da wanda zai gyara ta.

Wannan kuskure ba namu ba ne mu kaɗai. A 2005 aka fito da shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte ya jagoranta, aka yi ta yayata shi a duniya. Ƙasar Peru ta saya da yawa ta raba a makarantun karkara. Da aka auna sakamako a 2012, yaran sun iya taɓa na'urar, amma lissafinsu da karatunsu bai ƙaru ba. Mu ma nan an ƙaddamar da shirin ƙauyuka masu fasahar zamani a ƙarƙashin hukumar ANSI, har Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 a 2020 don kai rezo da hidimar kuɗi ta waya karkara. Kai rezo ƙauye abu ne mai kyau, ina maraba da shi. Tambayata ita ce, in ya iso, a hannun wa wayar za ta kasance? In ba a yi da gangan ba, a hannun maigida da yaron shago za ta tsaya.

Na huɗu, lokaci da iyaye. An sa horon nan tsakiyar damina, lokacin da kowane hannu ke gona, don a lokacin ne kuɗin ƙungiya suka fito. Gwaggo ta gaya mini ƙiri-ƙiri, "Ɗiyata, don kuɗɗin zaman nan na bari ta tahi, in ba haka ba wa zai kai ma mutane hura gona?" Sannan ga babbar maganar da ba a so a taɓa a wurin biki. Alƙaluman da UNICEF ke bayarwa sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa binciken 2012 ya ba da kashi 89. An yi dokar kare karatun ɗiya mace a Disamba 2017, amma doka a Yamai take, baiko kuma a zaure ake yin shi. Cikin ƴan mata 20 ɗin nan, kafin in koma hutun Disamba an ɗaura wa uku aure. Duk shirin da zai koya wa yarinya wani abu, ya kamata ya yi tunanin ranar da za ta koma ɗakin miji a wani ƙauyen: abin da aka koya mata zai bi ta can, ko a ƙofar gida zai tsaya? Ilimin waya da lissafi yana bin ta. Ilimin ɓera kuwa ko ƙofar ɗakin horo bai ƙetare ba.

Iyayen da ke ƙin ɗiyarsu ta riƙe waya kuma, mu daina saurin kiransu jahilai. Sun ji labarin hotunan da suka yaɗu a WhatsApp suka ɓata wa yarinya suna, sun ga samarin da ke kira tsakar dare. Tsoronsu yana da tushe. A kwana biyar ɗin nan ba a ware ko awa ɗaya an yi maganar yadda yarinya za ta kare kanta ba: kada ta aika hotonta, kada ta ba kowa lambar sirri, yadda za ta toshe lambar mai damunta, wa za ta gaya wa in an yi mata barazana. Ba a gayyaci uwa ko ɗaya ta zauna ta ga abin da ake koyarwa ba. Uwar da ta ga ɗiyarta ta karanta mata saƙon kuɗi da bakinta, ita da kanta za ta je ta shawo kan maigida.

Wani zai ce sukar banza ce, ina mafita? Mafitar ba daga waje za a ɗauko ta ba, a jihar nan aka yi ta. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a nan ƙasar Maraɗi. Ba a kawo wa matan jari ba. An koya musu tsari ne: a taru kowane mako, a zuba abin da ya sawwaƙa, a ba juna rance, a raba a ƙarshen zagaye. Masu koyarwa suka bi su wata da watanni har suka tsaya da ƙafarsu, daga nan matan ƙauye suka riƙa koya wa na maƙwabta. Yau tsarin ya kai ƙasashe da dama a Afirka da Asiya, kuma a ƙauyenmu har gobe ana zubi, ko da ƙungiya ko babu. Haka sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana gyara shi. Tun shekarun 1980 aka fara shi a Maraɗi, ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kansa saboda kwamitin mutanen gari, maza da mata, da ke tsaron itatuwan. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka sake yin itace a ƙasar nan, da wuƙa da gatarin da manomi ke da su tun asali.

Ko a fannin wayar ma an gwada an gani. A 2009 aka fara wani shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC a ƙauyuka sama da 100 na Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar CRS da Jami'ar Tufts. Da Hausa da Zabarmanci aka koyar, ajin maza daban na mata daban. A rabin ƙauyukan an ƙara darasin ƙaramar waya, mutum biyar waya ɗaya: yadda ake gane lambobi, yadda ake rubuta saƙo. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi waya sun fi sauran a rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake, sun sami abin da za su riƙa yi da karatun bayan an tashi daga aji. In muka koma baya kuma, ko da kakanninmu na Maraɗi da Tsibiri sun sha gwabzawa da Sakkwato, ba zai hana mu koyi darasi wurin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba. Ba ta bi ƙauye-ƙauye ta yi kwana biyar ta wuce ba. Ta zaɓi dattijai mata daga cikin ƙauyukan, ta naɗa su jaji, ta koyar da su da harshen da suke ji, su kuma suka koma suka koyar da Ƴan Taru a cikin gidajensu. Abin da ya haɗa misalan nan huɗu shi ne, mai koyarwa ɗan gari ne ko ya daɗe a gari, harshen na gari ne, kayan aikin kuma masu koyo na iya riƙe su bayan baƙo ya tafi. Da ɗan gari akan ci gari.

Da na karanta wa wata ƙawata wannan sharhi, ta tare ni da magana mai nauyi. Ta ce, "Ke da kike rubuta wannan a kwamfutar jami'a, so kike ƴan ƙauye su ƙare a ƙaramar waya? Su ba su cancanci zama injiniyoyi ba?" Ta yi gaskiya, kuma na daɗe ina juya maganar. Ina son ganin ɗiyar Gangara ko ta Tsibiri tana rubuta manhaja. Amma ni kaina ta wace hanya na iso gaban kwamfuta? Ta hanyar shekara 13 a aji, da uban da ya toshe kunnensa ga masu cewa na isa aure, da wata gwaggo a Tasawa da ta riƙe ni lokacin da nake kwaleji. Babu horon kwana biyar da zai maye gurbin wannan. Don haka aiki biyu ne, kada a cakuɗa su. Yarinyar da ke kwaleji ko lise tana buƙatar ɗakin kwamfuta na dindindin mai sola, da malami mai albashi, da awa biyu kowane mako har shekara ta ƙare. Wadda ta bar makaranta tana buƙatar karatu da lissafi da Hausa a kan wayar gidansu, sannan sana'ar da ke cikin fasahar kanta. Wa ya ce mace ba za ta iya riƙe wurin caji ba, ko haɗa farantin sola da batir, ko canza makirfon waya? Yanzu waya in ta lalace a ƙauyenmu sai an jira mai zuwa Gazawa ko Maraɗi, kuma matan aure da yawa ba su son ba namiji baƙo wayarsu da hotunansu a ciki. Ga kasuwa nan a buɗe tana jiran mace. Horon da muka yi bai yi wa ko ɗaya daga cikin biyun nan aiki ba, hoto kawai ya yi wa aiki.

Saura mu ɗalibai. Mu ne tafintoci, mu ne masu cika takardun rahoto, gobe kuma mu ne za mu zama masu tsara irin waɗannan shirye-shirye. In an kira ɗayanmu irin wannan aiki, ya karɓa, talauci ba wasa ba ne, amma ya yi tambaya huɗu kafin ya sa hannu. Da wane harshe za a koyar? Me za a bari in an tafi? Wace mace ce a garin za ta ci gaba da darasin? Wa zai dawo bayan wata uku ya ga abin da ya saura? In an ba mu takardar ra'ayi mu rubuta abin da muka gani. Ni ban yi ba a lokacin, shi ya sa nake biya yanzu.

Kafin hutun Disamba ya ƙare na roƙi shugabar asusun su gwaggo ta ba ni rabin awa bayan zubi. Mata tara da ƴan mata shida suka zauna, da wayoyi huɗu. Mun yi zama biyar. Mun koyi lambobi, da ajiye suna, da gane adadin kuɗi a cikin saƙo ko da sauran kalmomin Faransanci ne. Ba duka aka dace ba: tsofaffi biyu sun ce idonsu ba ya gani sun daina zuwa, wani maigida ya karɓe wayarsa a zama na uku, ni kuma na gane ban iya koyarwa ba kamar yadda nake zato, ina sauri, ina jefa Faransanci ban sani ba. Amma ɗiyar gwaggona ta riƙe, kuma ita na bar wa sauran. Makon jiya saƙo ya shigo wayata daga lambar gwaggo, babu ƙugiya ko ɗaya a jikin baƙaƙen don ƙaramar waya ce: "yaya kudi sun zo jika goma ni na karanta."

Babban hutu na tafe. Duk wanda ke cikin ƙungiyarmu ta marubuta, mace ko namiji, da zai koma ƙauye a ƙasar Agye, Gazawa ko Gidan Rumji, ina neman mu haɗu kafin a tashi mu rubuta ɗan littafin darasi da Hausa, shafi 10 kacal, mu buga shi a injin da muke buga wannan. Mai iya zane ya zana maɓallan waya, mai iya lissafi ya kawo misalai da tiya da jika. Wanda ke ganin na yi kuskure a wannan sharhi kuma, shafin fitowa ta gaba a buɗe yake, ya ba ni amsa. Allah ya sa mu dace. Wassalam.